Kafin Ka Tallata Wake a Intanet, San Kalmar da Mai Saye Yake Nema

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, wake da aya da riɗi da jar akuya ba sa rasa masu so. Amma ƙungiyar manoma ko matashin ɗan kasuwar da ya buɗe shafin intanet don tallata su, sai ya san kalmar da mai saye zai rubuta a wayarsa, in ba haka ba shafin ya zama rumfa a bayan kasuwa.

Nan ne Google Trends yake da amfani. Kamfanin Google ya fito da shi a 2006, kyauta ne, kuma bayanansa sun faro daga 2004. Za ka zaɓi ƙasa da tsawon lokaci, ka jera kalmomi, sai ya zana maka layin kowacce, mai hawa da sauka tsakanin 0 da 100. A kula, 100 ba mutum ɗari ba ne. Alama ce ta lokacin da neman ya kai ƙololuwa, sauran kuma da ita ake auna su.

Abu biyu mai shafi zai tsinta. Na farko harshe. Attajirin Yamai ko Kwatano zai iya rubuta "niébé", na kasuwar Dawanau a Kano ya rubuta "wake". Haka sunan garin: wani Tessaoua, wani Tasawa. Gwada su a Nijar, ka sake gwadawa a Najeriya, sannan ka sa wadda ta yi rinjaye a kanun shafinka. Na biyu lokaci. Misali, neman rago yana bin Babbar Sallah, ita kuwa kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, don haka da kalandar Musulunci ake karanta wannan layi. Wanda ya jira sai layin ya kai sama kafin ya saka hotunan ragunansa, ya makara.

Sai dai abin yana da iyaka. In masu neman kalma ba su da yawa, sifiri zai nuna, ko da kayan na tafiya a kasuwa. Cinikin karkara kuwa galibi da kiran waya, saƙon murya na WhatsApp da bakin dillali ake ƙulla shi, kuma Google ba ya jin ko ɗaya.

Saboda haka, yi amfani da shi don sanin harshen mai saye na nesa da lokacinsa. Farashin tiyar wake kuwa, ranar kasuwa ake tambayarsa.