Ba Sunan Yanka Kaɗai Ke Sa Zobe Ya Zama Na Mutum Ba

Wata ɗaliba da aka ba aikin ƙirƙiro abin ado na mutum guda ta zana sarƙar wuya a takarda, da sunan yayanta a tsakiya, wai za ta ba mahaifiyarsu. Ta kai wa wani tsohon maƙerin fari. Ya juya takardar, ya miƙa mata abinta. "'Yata, wannan ba ɗan farinta ba ne? Kin taɓa jin ta kira sunansa?" Ta ce a'a, Baba. "To wadda ba ta faɗa da baki ba, ita za ta rataya a wuya ta shiga gidan biki?"

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi ke nan. Sun gani a Instagram ana yanka suna a jikin ƙarfe, sai suka ɗauka shi ne iyakar abin. A ƙasarmu kuwa suna yana tafe da kunya da alkunya. Matar da sunan yankanta Hauwa'u ne, wataƙila duk Gwaram Jummai aka san ta, don ranar Juma'a aka haife ta. Saboda haka aikin yana farawa ne daga zama da mai abin: me ake kiranta, wane aiki hannunta yake yi, kunnenta yana ƙaiƙayi in ta sa 'yan kunnen kanti? Yawanci sinadarin nikel ne ke jawo wannan. Mai daka da wanke-wanke ba a yi mata zobe mai tsini. Ko mayafi ma sai ya yaga.

Namiji kuma shari'a ta riga ta shata masa iyaka. Zinariya ta haramta gare shi, azurfa ce tasa, kuma a mazhabar Malikiyya zobe guda ne wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba, kusan giram 6. Zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne mai rubutu, da shi ake buga hatimi a wasiƙu. Amma kafin a zana sunan Allah a zobe, a tuna mai shi zai shiga makewayi da shi.

Sai zane. Na gaji da ganin Dagin Arewa a kan kowane aikin ɗalibi, kamar shi kaɗai muka gada. Ɗan Birnin Kudu yana da abin da ɗan Kano ba shi da shi: zanen shanu na mutanen da can a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo in an ƙwanƙwasa. Ba sai an kwaikwayi saniyar ɗungurungum ba, tunda da yawa ba za su sa surar mai rai ba. Lanƙwasar ƙahon kaɗai ta isa ta zama awarwaro ko ɗan kunne. Ga kuma zanen ƙoren matan Fulani masu kawo nono kasuwar Sara, ga na hula, ga na lalle.

Takarda ba ta musu, ƙarfe ne ke yi. Hanya biyu maƙeri yake bi. Ko ya daddale azurfar a kan uwar maƙera ya yanka ya goge da magagari, ko ya yi zubi: a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Haka maƙeran Buzaye ke yin abin wuyan nan na Agadas. Sai an fasa yumɓun ake ciro abin, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak. Sai dai layin da ya yi siriri da yawa ba ya fitowa a zubi. Azurfa zalla kuma taushi gare ta. Wadda ake buga wa lamba 925 an gauraya ta da kashi 7.5 cikin ɗari na wani ƙarfe, yawanci jan ƙarfe. Kakanninmu narkar da kuɗin azurfa suke yi, irin na Austiriya mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780.

Kada a taɓa azurfa tukuna. A fara gwaji da kwali, sannan da wayar wuta ko gwangwani, a auna yatsa da zare da yamma lokacin da ya ɗan kumbura, a ba mai abin ta yini da samfurin. In za a yi rubutun boko, a tsaya a kan mai zanen, don ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kan salwanta a hannun na'ura.

Ɗalibar nan dai ta koma gida ta zauna da mahaifiyarta. Abin da suka tsayar shi ne ƙananan ƙwallayen azurfa shida a jere, ɗaya ga kowane ɗa, na farkon ya ɗan fi sauran girma.