Ƙanƙarar Dare, Kallon Rana

Duk wanda ya taɓa yin azumi a watan Afrilu a Zangon Wagadugu ya san darajar ƙanƙara. Tun dare matan gida kan ƙulla ruwa a leda su jera a firiza, kafin la'asar yara sun yi layi a zaure, kowa da kularsa. To, da irin wannan dabara ake sanyaya na'urar hangen rana mafi girma a duniya.

Tana can a ƙolin dutsen Haleakala na tsibirin Mawi, a Hawai ta Amurka, tsayin da ya haura mita 3,000, an sa mata sunan Sanata Daniel Inouye. Faɗin madubinta mita 4. Yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau ya san abin da zai biyo baya: madubin kan tattara hasken da ya kai kilowat 13 ya cusa shi wuri guda, zafin da ke narkar da ƙarfe. A daidai wurin aka kafa wani zoben ƙarfe da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinsa, shi ke tare fiye da kashi 95 cikin 100 na hasken, ya bar ɗan kaɗan ya wuce.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai ba gudun gobara ba ne. Da madubin zai ɗara iskar da ke kewaye da shi ɗumi ko da kaɗan, sai iskar ta fara rawa, irin kawalwalniyar da ke tashi a kan kwalta da tsakar rana, hoto ya dagule. Saboda haka aka shimfiɗa bututun sanyaya na sama da kilomita 11, har rumfar ginin aka lulluɓe da farantai masu sanyi. Da dare, lokacin da dutsen ya huce, injina kan daskarar da ruwa tanki-tanki, gari na wayewa ƙanƙarar ta shiga aiki.

Ranar 29 ga Janairun 2020 aka fitar da hoton farko da na'urar ta ɗauka. Fuskar rana ta fito tamkar tukunyar dambu tana tafasa, ƙwaya-ƙwaya, kuma kowace ƙwaya ta ninka faɗin ƙasar Burkina Faso fiye da sau biyu.