Akushin Baƙo: Yadda Ake Kai Abinci a Fadojin Da

Masu ganin walima ba ta cika sai an jera teburi da kujeru, ku zo ku ji. A shekarar 1352 matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a birnin Mansa Sulaiman na Mali. Da aka ce masa ga saƙon sarki nan tafe, ya miƙe yana zaton riguna ne da kuɗi. Ashe gurasa uku ce, da soyayyen naman shanu, da ƙwaryar nono. Malam ya kwashe da dariya, wai an raina shi.

Ni dai a ganina bai gane ba ne. A ƙasashenmu ba a kiran baƙo ya zo ya ci a gaban sarki, don shi sarki ba a ganin lomarsa. Shi kansa Ibn Battuta ya ba da labarin cewa sarkin Barno na lokacin ta bayan labule yake magana da jama'a, balle a zauna ci da shi. Abincin ne ke bin baƙo har masaukinsa. Tuwo a akushi, miya a kwanonta daban, fura a ƙwarya da ludayi, kowanne an rufe da faifai, yara sun ɗauko a ka. Yawan akusan da suka shiga zaurenka, da wanda aka aiko ya rako su, su ne ma'aunin darajarka. Sai a baza tabarma, a zagaya da buta, babba ya fara sa hannu, yaro kuwa ya riƙe bakin akushi kuma kada ya kuskura ya taɓa nama.

A zamanin, manyan Ingila da Faransa a teburi suke ci, amma da hannu da wuƙa, faranti kuwa busasshen burodi ne, in an gama a ba mabarata.

Al'adar ba ta mutu ba. Duk wanda ya taɓa rako shanu daga Potiskum zuwa Ibadan ko Legas ya san maigidan da ya sauke shi ne ke aiko masa da tuwon dare, tun ba a sayar da ko sa ɗaya ba. Abin da ke ɓata min rai shi ne samarinmu da ke suɗe kwanon tas. A Damagum, da Baba ya ga haka sai ya ce, to yaron da ya ɗauko fa, me zai ci?