Tristan da Cunha: Ƙauyen Masunta a Tsakiyar Teku

A wannan karo na zaɓi in yi muku bayani a kan wani ɗan ƙauyen masunta da ke can tsakiyar Tekun Atlantika ta Kudu, a kan wani tsibiri da ake kira Tristan da Cunha. Idan an furta sunan, kunnen Bahaushe sai ya ji kamar an ce "da kunya", alhali kuwa sunan wani matuƙin jirgin ruwa ne mutumin Fotugal, wanda ya fara hango tsibirin a shekarar 1506. Abin da ya ja hankalina gare shi kuwa shi ne, duk duniya babu wani wuri da mutane ke zaune a cikinsa dindindin wanda ya kai shi nisa da sauran jama'a. Zan duba abubuwa huɗu, watau zaman mutanensa, da dukiyarsu, da tsaron lafiyarsu, da kuma yadda suke karɓar baƙi.

Bari mu fara da nisan. Daga tsibirin zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai kimanin kilomita 2,800. Maƙwabtansu mafi kusa su ne mutanen tsibirin Saint Helena, su ma suna da nisan kimanin kilomita 2,400. Babu filin jirgin sama, saboda haka duk mai shiga ko mai fita sai ta jirgin ruwa, tafiyar wajen mako guda. Tsibirin kansa dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 2,062, kuma gefunansa duk gangare ne in ban da wani ɗan fili a arewa maso yamma. A wannan fili ne ƙauyen yake. Sunansa a takarda Edinburgh of the Seven Seas, don tunawa da ziyarar da wani ɗan Sarauniya Victoria ya kai a 1867. Mazaunansa ba su kai mutum 250 ba.

To, me ya kai mutane wannan wuri? A 1815 Turawan Ingila suka kai Napoleon, sarkin yaƙin Faransa, zaman gudun hijira a Saint Helena. Don tsoron kada magoya bayansa su yi sansani a Tristan su zo su sace shi, sai suka ajiye sojoji a can a 1816. Da aka janye sojojin a 1817, wani kofur ɗan Sikotilan mai suna William Glass ya nemi izinin zama, shi da matarsa da 'ya'yansa da abokansa biyu. A 1827 aka kawo mata biyar daga Saint Helena, aka yi aure. Daga baya matuƙan da jiragensu suka farfashe suka riƙa ƙaruwa a kansu, kamar wasu Italiyawa biyu, Repetto da Lavarello, waɗanda teku ta jefo a 1892. Shi ya sa har yau sunayen zuriyar ƙauyen ba su da yawa: Glass, Green, Hagan, Rogers, Swain, Repetto, Lavarello, da 'yan kaɗan da suka shigo daga baya.

Game da sana'a, abin da ke riƙe da ƙauyen shi ne wani irin babban jatan lande da ake kamawa da tarko a ruwan da ke kewaye da su. Ba kowace rana ake fita su ba, sai ranar da teku ta kwanta. Tun da asuba ake duba yanayin ruwa, in ya yi kyau sai a buga ƙararrawa, maza su shiga ƙananan jiragensu. In sun dawo da yamma, sai mata su karɓi aiki a masana'anta, su gyara, a daskarar cikin ƙanƙara, a tara har jirgi ya zo ya kwashe zuwa kasuwannin ƙetare. Bayan wannan, gwamnatinsu tana samun kuɗi ta sayar da kan sarki ga masu sha'awar tarawa a ƙasashe dabam dabam. Abincinsu na yau da kullum kuwa dankalin Turawa ne da kifi da naman tumaki. Gonakin dankalin suna can yamma da ƙauye, kowane fegi an kewaye shi da katangar duwatsu don kare shuka daga iska.

Yanzu mu zo kan dukiya, wanda a ganina shi ne abin da ya fi cancanta mu yi nazari. Tun a 1817 Glass da abokansa suka rubuta yarjejeniya cewa za su yi aiki tare, su raba riba daidai, kuma ba wanda zai ɗaukaka kansa a kan ɗan'uwansa. Wannan ruhi bai mutu ba. Har yanzu ƙasar tsibirin ta jama'a ce baki ɗaya, kuma baƙo, komai yawan kuɗinsa, ba shi da ikon sayen fili ko ya tare a can don ra'ayin kansa. Kowane gida yana da fegin dankalinsa, amma makiyaya ta kowa ce. Bugu da ƙari, an ƙayyade yawan shanu da tumakin da kowane gida zai ajiye. Dalilin haka guda biyu ne. Na farko, ciyawar ba ta da yawa, in an bar kowa ya tara yadda ya ga dama, dabbobi za su cinye ta ƙarƙaf, sa'an nan kowa ya rasa. Na biyu, don kada wani gida ya yi wa sauran fintinkau ya zama mai juya su. Idan saurayi zai gina ɗaki, dangi da maƙwabta ke taruwa su taya shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mulkin ƙauyen yana hannun majalisar da jama'a ke zaɓar yawancin wakilanta, tare da jami'in da ke wakiltar gwamnan Saint Helena, domin tsibirin yana ƙarƙashin Birtaniya.

Wajen tsaro, ɓarawo ba shi ne abin tsoronsu ba. Wanda ya saci akuya a wurin da kowa ya san kowa, ina zai kai ta, kuma ta ina zai gudu? Shekaru da yawa ɗan sanda guda ne ke aikin cikakken lokaci a tsibirin. Abin tsoronsu shi ne teku da dutse da ciwo. A 1885 maza goma sha biyar suka shiga jirgi don su tari wani babban jirgi da ke wucewa su yi musayar kaya, ba a sake ganinsu ba. Manyan maza huɗu kacal suka rage a ƙauyen. Abin da ya tura su wannan kasada kuwa shi ne ƙarancin abinci, domin ɓerayen da suka shigo daga wani fasasshen jirgi a 1882 sun addabi gonakinsu. Har yau suna da rana guda a shekara ta gasar farautar ɓeraye.

Babbar jarrabawa ta zo a watan Oktoba na 1961, sa'ad da dutsen ya tsage dab da gidajensu ya fara aman wuta. Dukkansu, mutum 264, suka tsere zuwa wani ƙaramin tsibiri mai suna Nightingale, daga nan aka kwashe su zuwa Cape Town, sa'an nan Ingila, inda aka zaunar da su a Calshot kusa da Southampton. A can suka ga motoci da talabijin da aikin albashi, amma kuma suka gamu da sanyi da cututtukan ƙirji da jikinsu bai saba da su ba, har wasu tsofaffi suka rasu. Da masana suka je suka tarar yawancin gidajen suna nan, sai aka kaɗa ƙuri'a, mutum 148 suka zaɓi komawa, biyar suka ƙi. A 1963 suka koma gida. Bayan wannan ma wahala ba ta ƙare ba: guguwa ta yaye rufin gidaje a 2001, gobara ta cinye masana'antar kifi da injinan lantarki a 2008, sa'an nan a 2011 jirgin dakon kaya Oliva ya fashe a Nightingale, mansa ya malale ya ɓata dubban tsuntsayen teku da wuraren su. Suna da asibiti, wanda aka sabunta a 2017, amma ciwon da ya fi ƙarfinsa sai an jira jirgi a kai mutum Cape Town.

Sauran maganar baƙi masu yawon buɗe ido. Ana maraba da su, amma da sharaɗi. Dole mutum ya nemi izini tun kafin ya taso, ya nuna yana da tikitin komawa da inshorar lafiya da guzurin da zai ishe shi. Jiragen da ke zuwa daga Cape Town 'yan kaɗan ne a shekara, kuma 'yan gari da ma'aikata ake fara ba gurbi. Tashar jirginsu ƙarama ce, sau da yawa babban jirgi yakan iso, igiyar ruwa ta hana sauka, baƙi su hangi ƙauyen daga nesa su juya. Wanda ya dace ya sauka zai iya kwana a gidan jama'a, ya hau dutsen tare da ɗan jagora, ya ga tsuntsun nan fengwin da ba ya tashi sama. Don kare wannan arziki, a 2020 suka keɓe kimanin murabba'in kilomita 687,000 na tekunsu, suka hana su da haƙar ma'adinai a ciki.

A ƙarshe, ga abin da na fahimta. Zaman lafiyar mutanen Tristan bai faɗo daga sama ba, sun saye shi ne da haƙuri da doka: sun hana kansu sayar da ƙasa, sun hana kansu tara dabbobi, sun taƙaita kamun da ke ciyar da su. Amma akwai matsala a gabansu. Makarantarsu tana tsayawa ne a shekara goma sha shida, mai son ƙarin ilmi sai ya ƙetare teku, kuma ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Tsofaffi suna ƙaruwa, masu ƙarfin jan tarko suna raguwa. Kakanninsu sun ga Ingila sun ce gida ya fi. Ko jikoki za su faɗi haka, wannan ita ce tambayar da za ta yanke makomar ƙauyen. Mu ma da muke karatu nesa da garuruwanmu, ya kamata mu juya ta a zukatanmu. Nan zan dasa aya.