Yaro da Ragonsa

A ƙauyukan Kankiya da Kusada da wuya ka shiga gida ba ka tarar da rago a turke ba. Sau da yawa maigida ne ya saya, amma yaro ne ke shan wahalarsa. Shi ke yankan ciyawa, shi ke jiƙa dusa da kanwa, shi ke sauko da harawa daga kan rumfa. Yakan wanke ragon da sabulu, ya fita da shi bayan la'asar don tsara su gani. Cikin wata uku ragon ya san muryarsa, yana bin sa ko ba igiya.

A Amurka ƙungiyar 4-H takan shirya wa yara gasar nunin dabbobi. A nan kuwa babban filin nuni shi ne kasuwa gab da Babbar Salla, kamar ta Charanchi, inda ake jera Balami da Uda da 'Yankasa. Ranar alfahari ce, kuma ranar rabuwa. Wani yaron yakan koma gida da igiya a hannu, ya ƙi cin tuwo.

Iyaye, kada ku yi masa dariya. Ku gaya masa ranar sayarwa tun da wuri, a yi ciniki a gabansa. A ware masa rabonsa, a saya masa 'yar tunkiya, malamin dabbobi ya yi mata allurar rigakafi. Yaron da aka cinye wa guminsa, baɗi ba zai ɗauki lauje ba.