Inuwar Iska: Kimiyya da Ladubban Fakewa a Bayan Mahayi a Tseren Keke

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren keke na Tour de France a talabijin, wato gasar da aka fara a ƙasar Faransa tun shekarar 1903, zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Mahaya fiye da 170 ne, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa, amma sai a gan su sun dunƙule wuri guda kamar ayarin fatake, taya na bin taya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba, alhali suna gudun da ya haura kilomita 40 a sa'a. Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa abokan hamayya za su cunkushe haka, ga kuwa hanya a buɗe? Amsar tana cikin iska. A wannan maƙala za mu duba abin da mahayi yake samu idan ya fake a bayan wani, da abin da yake sarayarwa kafin ya samu, da kuma ladubban da mahaya suka shimfiɗa wa kansu domin kowa ya koma gida lafiya.

Turjiyar iska

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa. Kowace mita ɗaya mai murabba'i uku ta iska, wato akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya, tana da nauyin kusan kilogiram 1.2. Mai tuƙa keke dole ya ture wannan iska daga gabansa, ita kuma tana turje masa. A gabansa iskar tana matsuwa, a bayansa kuma tana barin wani gurbi mai ƙarancin matsi inda take jujjuyawa, kuma bambancin matsin nan biyu shi ne yake jan sa baya. Wannan shi ake kira turjiyar iska.

Turjiyar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba take yi masa. Idan mahayi ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar za ta ninka sau huɗu, ƙarfin da zai kashe a kowace daƙiƙa domin cin galabarta kuwa zai ninka sau takwas. Alal misali, wanda ya tashi daga kilomita 20 a sa'a zuwa 40 yana buƙatar ninki takwas na ƙarfin da yake yaƙar iska da shi a da. Shi ya sa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, a gudun tsere, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wahalar mahayi ta iska ce. Gogayyar taya da kwalta da ta sarƙa ƙaramin kaso ne kawai.

To, gurbin nan da mahayi yake bari a bayansa shi ne za mu kira inuwar iska. Iskar da ke cikinsa ta riga ta fara bin mahayin gaba, saboda haka wanda ya shiga ciki ba ya cin karo da ita da ƙarfi. Hausawa kan ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Ita inuwar iska na kusa ne yake shan ta, domin tana raguwa da zarar tazara ta ƙaru.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1990, McCole da abokan aikinsa a Amurka sun auna yawan iskar oksijin da mahaya suke shaƙa a kan hanya, domin ita ce ma'aunin ƙarfin da jiki yake kashewa. Sun gano cewa fakewa a bayan mahayi ɗaya tana rage buƙatar da kashi 18 cikin ɗari a gudun kilomita 32 a sa'a, da kashi 27 a gudun kilomita 40. A cikin gungun mahaya takwas ragin ya kai kashi 39, a bayan mota kuwa kashi 62.

A shekarar 2018, Farfesa Bert Blocken na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan, tare da abokan aikinsa, sun yi nazarin ayari mai mahaya 121 ta hanyar lissafin kwamfuta da gwaji a ɗakin hura iska. Sakamakon ya nuna cewa turjiyar da ke kan mahayan da ke tsakiya, ta wajen bayan ayarin, tana iya sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wadda mai tafiya shi kaɗai yake fuskanta. Har ila yau, binciken wannan malami ya nuna cewa shi kansa na gaba yana samun ɗan sauƙi idan wani ya matso bayansa, domin na bayan yana cike wani ɓangare na gurbin da ke jan sa baya.

Tun kafin waɗannan awo, an san ƙarfin wannan dabara. A shekarar 1899, Charles Murphy ya yi tafiyar mil ɗaya cikin daƙiƙa 57.8 a kan keke, yana bin bayan jirgin ƙasa a jihar New York. A shekarar 2018 kuma, Denise Mueller-Korenek ta kai kusan kilomita 296 a sa'a a bayan wata motar tsere a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka. Saboda girman wannan amfani ne dokar tsere ta haramta fakewa a gasar da kowane mahayi yake tashi shi kaɗai ana auna masa lokaci.

Farashin inuwa

Mai fakewa yana biyan kuɗin wannan sauƙi da abubuwa biyu: gani da lokaci. Jikin na gaba ya tare masa hanya, ba ya ganin rami ko dutse ko dabbar da ta ratso sai ya iso kansu. Game da lokaci kuwa, bari mu yi ɗan lissafi wanda ɗalibin sakandare zai iya bi.

A ɗauka mahaya biyu suna gudun kilomita 36 a sa'a, wato mita 10 a kowace daƙiƙa, tsakaninsu rabin mita. Sai na gaba ya matse birki, gudunsa yana raguwa da mita 4 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Tazarar da za ta rufe ita ce rabin wannan adadi sau lokaci sau lokaci. Idan aka warware lissafin, za a ga cewa cikin rabin daƙiƙa tayar na baya za ta taɓa ta na gaba. A ɗakin gwaji, mutumin da ya shirya tsaf yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. A kan hanya kuwa, ga gajiya ga rabuwar hankali, lokacin ya fi haka, sannan birkin ma sai ya kama. Malamai za su iya ba ɗalibai su lissafa tazarar mita 2. Za su tarar cewa daƙiƙa ɗaya kacal take bayarwa. Wato sai an ninka tazara sau huɗu kafin lokaci ya ninka sau biyu.

Wani abin lura shi ne, idan tayoyi suka haɗu, na baya ne galibi yake faɗuwa. Dalili kuwa shi ne keke yana tsayuwa ne ta hanyar karkata tayar gaba zuwa ɓangaren da ya fara rinjaya, ba tare da mahayin ya ma sani ba. Idan tayar gabansa ta jingina da tayar bayan wani, ta rasa damar karkatawa zuwa wannan ɓangare, sai keken ya kife. Shi kuwa na gaba, wanda yawancin nauyinsa yake kan tayar baya, wani lokaci ɗan girgiza kawai zai ji. Kuma a ayari faɗuwar mutum ɗaya ba ta tsayawa a kansa. A zangon farko na Tour de France na shekarar 2021, wata 'yar kallo ta miƙo kwali cikin hanya, mahayin Jamus Tony Martin ya yi karo da shi, mahaya masu yawa da ke bayansa suka zube a kan juna.

Wannan lissafi yana koya mana cewa saurin hannu ba zai ceci mai fakewa ba. Abin da yake kare shi shi ne ya san abin da na gaba zai yi tun kafin ya yi. Daga nan ladubban ayari suka samo asali.

Haƙƙin da ke kan na gaba

Na gaba shi ne madugu, kuma shi ne idon duk wanda ke bayansa. Wajibi ne ya riƙe gudu ɗaya, ya miƙe a kan layi ɗaya, kada ya taka birki kwatsam. Idan ya hango rami ko yashi ko fasasshiyar kwalba, ya kauce tun da nisa, a hankali, yana nuna wurin da yatsa, na bayansa kuma su miƙa alamar har ta kai ƙarshen layi. Idan za a rage gudu ko za a tsaya, ya faɗa da baki da ƙarfi. A mararraba, kada ya kutsa don shi kaɗai zai iya wucewa, sai ya auna ko dukan ayarin zai tsallake.

Idan ya gaji, sai ya kaɗa gwiwar hannu alamar na biye da shi ya karɓa, ya duba bayansa, ya matsa gefe, sannan ya sassauta har ya koma ƙarshen layi. Wanda ya karɓi gaba kada ya ƙara gudu don nuna bajinta, domin ƙaramin canji a gaba yana girma yayin da yake tafiya baya, har na ƙarshe su riƙa birki suna sake bugun feda ba gaira ba dalili. Haka nan a kan hawa, mahayin da ya miƙe tsaye daga sirdi kekensa yakan ɗan ja baya na ɗan lokaci, don haka ya sanar kafin ya miƙe, ya kuma danna feda da ƙarfi a daidai lokacin.

Haƙƙin da ke kan na baya

Doka ta farko ita ce kada tayar gabansa ta shige gefen tayar bayan na gaba, domin ƙaramar kaucewa ta isa ta share shi. Ta biyu, kada ya ƙura wa tayar ido. Ya riƙa duban kafaɗar na gaba da abin da ke can gabansa. Ta uku, yatsunsa su kasance kusa da birki. Wannan ne ya sa ba a yarda da sandunan nan da ake kwantar da hannu a kansu ba a tseren da mahaya suke tashi tare, domin suna nesanta hannu da birki. Idan ya ga yana matsowa da yawa, ya dakatar da bugun feda ko ya ɗan ɗago ƙirji iska ta rage masa gudu, birki kuwa ya shafa shi a hankali. Sabon shiga ya bar tazarar da ta kai tsawon keke guda, ya riƙa rage ta gwargwadon ƙwarewarsa. A lokacin ruwan sama, ko a gangara, ko a hanya mai gargada, kowa ya ƙara tazara. Hular kwano kuwa ba a barin ta a gida.

Akwai kuma ladabin rabon wahala. Wanda ya sha inuwa ya fito ya karɓi nasa rabon na iska, ko da na ɗan lokaci ne. Mahaya ba sa ganin mutuncin mai cin bulus, wanda zai laɓe tun daga farko sannan ya fito ya wuce kowa a ƙarshe. Idan ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa, ya zauna a baya ya bar masu karɓa-karɓa su shiga gabansa. Haka kuma, bai dace mutum ya manne wa mahayin da bai sani ba a hanya ba tare da sallama da neman izini ba. Wanda bai san ana bin sa ba ba zai ba da alama ba, yana iya tsayawa ko juyawa a kowane lokaci, kuma yana iya tsorata idan ya waiwaya ya ga baƙo a bayansa.

Iskar gefe da manyan motoci

Idan iska tana busowa daga gefe, kamar yadda hunturu kan yi a buɗaɗɗen fili, inuwar takan karkata zuwa ɓangaren da iskar ta nufa. A tsere, mahaya sukan jeru a karkace su cika faɗin hanya. Wannan yana yiwuwa ne domin an rufe musu hanyar. A hanyar da motoci suke bi, jeri irin wannan yana tura na ƙarshe cikin hannun masu tahowa, don haka gara a rabu gida-gida ko a haƙura da inuwar.

Daga nan ya kamata a ja kunnen matasan da suke bin bayan tirela ko tifa da keke a garuruwanmu, wasu ma har da kama ƙarfenta. Inuwar babbar mota ta fi ta mutum nesa ba kusa ba, amma direban ba ya ganin wanda ke manne da bayansa, ba zai nuna masa rami ba, kuma ba zai sanar da shi kafin ya taka birki ba. Murphy da Mueller-Korenek sun yi abin da suka yi ne a wurin da aka keɓe, tare da matuƙan da suka san da su.

Kammalawa

Tseren keke yana ƙara samun gindin zama a Afirka. Ana gudanar da Tour du Faso a Burkina Faso tun shekarar 1987, Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France na 2024, sannan birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar duniya a 2025. Makarantar da take son kafa ƙungiyar masu keke ta fara da mutum biyu-biyu a fili marar motoci, a ƙaramin gudu da tazara mai yalwa, su koyi alamu da miƙa gaba har su zame musu jiki, kafin a fita kan kwalta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.