MOTA MAI FIZGAR MUTUM: INA WUTAR TA FITO?

Darasinmu na yau a kan wutar lantarki ne, wadda muke ce wa kuran. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka.

Garin Gure yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa. Motoci iri-iri suna kwana a tasha. Wata tana ɗauke da firigo na ƙanƙara. Wata tana da lasifika. Wata kuma kamar ɗaki take, da fitila da fanka, matafiya suna kwana ciki. Irin waɗannan motoci, in sun tsaya, akan jawo musu wuta da waya daga shago ko daga gurup. Wata rana sai ka dafa ƙofar mota, ka ji ta fizge ka. Kada ka ce iskoki ne. Fizgar tana da dalili, kuma iri biyu ce.

FIZGA TA FARKO

Lokacin hunturu iska ta bushe. Ka sauko daga mota, ka taɓa ƙarfe, ka ji "tas" sau ɗaya. Ka sake taɓawa, babu kome. Wannan wuta ce kaɗan da ta taru a jikinka saboda gugar tufafi da kujera. Ba ta kisa.

FIZGA TA BIYU

Ka taɓa, ka ji hannunka yana zir-zir. Ka sake taɓawa, ka ji haka nan. Ka duba, ga waya an jawo wa motar. To, wannan ita ce mai haɗari. Ka janye, ka kori yara daga wurin.

Ga dalili. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, na babbar mota bolt 24. Wannan ba ya fizgar hannu. Amma wutar gari da ta gurup bolt 220 ce, tana kashe mutum. Akwai kuma akwatin da ke ɗaga wutar batir ta kai 220. Shi ma a ji tsoronsa.

Wuta kamar ruwa take, kullum hanya take nema. In rigar waya ta goge, ko ɓera ya ci ta, ko firigo ya lalace daga ciki, sai wuta ta zubo a jikin mota. Taya roba ce, ba ta barin wuta ta wuce ƙasa. Sai wutar ta tsaya tana jira. Kai da ka zo ka dafa, kai ne hanyarta. Za ta bi hannunka, ta ratsa ƙirjinka, ta fita ta ƙafa. In damina ce, ƙasa ta jiƙe, ba ka da takalmi, haɗarin ya fi yawa.

YADDA AKE NEMAN LAIFIN

1. A fara cire wayar daga shago, ko a kashe gurup. Ba a gyara da wuta a jiki.
2. A bi waya daga farko har ƙarshe. A duba inda ta ratsa ƙofa ko taga, nan ƙarfe yake yanka ta. Wayar da aka ɗaure da leda, a canja ta.
3. A cire firigo, da fanka, da rediyo, duka.
4. A kira mai gyaran wuta. Shi zai mai da wuta, ya auna jikin mota da abin awo. Sa'an nan ya haɗa kaya ɗaya-ɗaya. Wanda aka haɗa wuta ta bayyana, shi ne mai laifi.

Ba a gwada wuta da hannu, ba a gwada ta da harshe.

WAYAR ƘASA

Waya ta kirki 'ya'ya uku gare ta. Biyu suna aiki. Ta ukun, mai kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa. Ana ɗaura ta a jikin mota, a kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, wajen metir 2. In wuta ta zubo, sai ta sami hanyar da ba jikinka ba.

Amma ka san ƙasar Gure, yawancinta rairayi ne. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai. Saboda haka a kafa sanda da zurfi, inda akwai laima, a riƙa zuba mata ruwa da rani. Kuma sanda ita kaɗai ba ta isa ba. A sa makunni mai yanke wuta da kansa in ta zube. Ka ce wa mai gyara kana son wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa.

GA DIREBOBI

Batir ma yana da tasa wayar da aka ɗaure a jikin mota, makanikai suna ce mata mas. In tsatsa ta ci ta, fitilu su dushe, mota ta ƙi tashi. A kwance, a kankare, a ɗaure tam. In za ka cire batir, fara da wayar mai alamar (-), don kada sifana ta tada tartsatsi.

IN WUTA TA KAMA MUTUM

Kada ka kama shi da hannu, ku zama biyu. Yanke wuta tukuna. In ba hali, ture shi da busasshen icce. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, don wuta tana taɓa zuciya.

TAMBAYOYI

1. Wutar gari bolt nawa ce?
2. Me ya sa taya ba ta barin wuta ta wuce?
3. Wane launi ne wayar ƙasa?

Ka rubuta amsa a littafinka, ka nuna wa malaminku. Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.